Murhun Asibitin Tudun Illo

Dogon Dutsi, 12 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Lubabatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Usman da yara. Yaya ƙafar taki? Kina shafa maganin da na aiko, ko kin ajiye shi bisa kanta yana kallonki kina kallonsa? Na san halinki sarai.

Daga Dogon Dutsi nake rubuto miki. Kada ki firgita, ba kora ta aka yi ba. Wata ƙungiya ce ta tara mu, mu majo-majo, wato manyan masu jinya da ke riƙe da asibitocin ƙauye, za mu yi kwana shida ana koya mana abu. Yau kwana huɗu, kuma kaina ya fi ranar da na zo cika.

Mai koyarwar wani saurayi ne, Mushe Rashid (Malam ke nan da Faransanci), mai ladabi da yawan takardu. Ya ce asibitocin duniya suna fitar da hayaƙi mai yawa, irin wanda ake kira karbon, wanda ke taruwa a sama yana ƙara zafi yana rikita damina. Ya ce mu masu jinya mun fi kowa yawa a aikin lafiya, komai ta hannunmu yake bi, saboda haka mu ne za mu rage shi. Sai ya nuna mana hoton wani asibiti mai hawa goma sha biyu, fitilu a kunne da rana tsaka. Ina kallo ina tuna namu na Tudun Illo: ɗaki uku, ƙwan fitila biyu, firigon allura mai aiki da rana, da babur ɗaya da sai an tura shi. Kin san bakina ba ya shiru. Na ɗaga hannu na tambaye shi ko a cikin ƙwai biyun nan wanne zan cire.

Kowa ya yi dariya, ban da shi. Ya tambaye ni da me muke dafa almakashi da sauran kayan haihuwa. Na ce da murhu, a tsakar gidan asibiti. Ya ce ruwan zafin masu jego fa? Na ce murhun dai. Ya ce shara fa, da allurai da auduga? Na ce muna cinna musu wuta a cikin tsohon duro. Ya rubuta, ya ɗago ya ce to ga nawa rabon nan. Wallahi Yaya kunya ta kama ni, kamar an leƙa ɗakina ban yi shara ba.

Har yanzu ban gane yadda murhun Inna Ajuma zai hana ruwan sama sauka a kan kari ba. Amma akwai abin da na gane. Inna Ajuma, ungozomar da nake gaya miki, shekara goma sha biyar tana hura wutar nan da safe, kuma tarinta ba ya jin magani. Itacen ma yanzu sai an yi tafiya mai nisa. Warin robar da muke ƙonawa kuwa, ni kaina yana sa ni ciwon kai. To idan za a raba mu da wannan, ban ga abin ƙi ba. Sun ce za su ba mu tankin da rana ke ɗumama ruwansa da tukunyar lantarki, kuma motar gunduma za ta riƙa kwashe sharar.

Abin da ya tsaya mini a rai dai ba nan yake ba. Kin tuna Sahura, matar Ma'azu ta Tungar Mamman, can hayin ƙorama? Ita ce wadda ta zubar da jini a haihuwarta ta baya, watan da na fara aiki, har na yi ta kiran sunanki a zuci don tsoro. Tana da ciki kuma, farkon Agusta nake sa ran za ta sauka. Ta zo awo ana jibi zan taho. Na riƙe hannunta na ce mata ko mutum ɗaya zan karɓa a daminar nan, ita ce, kuma kada ta yarda ta durƙusa a gida, domin allurar tsayar da jini a firigona take. Ta yi dariya ta ce na cika faɗa kamar uwar miji. Na gaya mata zan je Dogon Dutsi 'yan kwanaki in dawo.

Ki gaida mini Malam Usman, ki ce masa na gode da zumar. A shafa mini kan Luƙman.

Ƙanwarki,
Habsatu


Tudun Illo, 5 ga Yuli

Yaya Lubabatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, an kuma yi shuka lafiya. Nan an samu ruwa mai kyau sau uku, gero ya fito. Kin san ba mu da rezon kiran waya sai an hau tudu an yi ta juya ta, shi ya sa na ba direban motar kasuwa wannan takarda.

Yaya, mota ɗaya muka dawo da masu kafa kayan. Kafin in sauke jakata sun hau rufi. Yanzu akwai tanki a kwance bisa asibitinmu da wasu bututun gilashi, ruwa na fitowa da zafin da sai an sirka. Tukunyar kuwa, a zuba almakashi, a murɗa, a je a yi wani aikin. Washegari ni da hannuna na ɗauke duwatsun murhu uku na jera su a gindin katanga, na sa aka share tokar. Duron ma an kife shi. Inna Ajuma tana tsaye tana kallo har na gama. Sannan ta tambaye ni ita yanzu da safe me za ta riƙa yi. Na ce ta huta. Ta ce ba ta saba ba.

Na ɗauka an gama ke nan, ashe yanzu aka fara. Mace ta farko da ta haihu bayan dawowata, uwar mijinta ta taɓa ruwan, ta tambayi inda aka dafa shi. Na nuna mata rufi da alfahari. Ai kuwa sai ta janye bokitin da ƙafa. Ta ce ba za a yi wa mai jego wanka da ruwan da bai ga wuta ba, ruwan rana yana kawo farin tabo a jiki, kowa ya sani. Na ce ni ban sani ba, kuma na yi shekara uku ina karatun jikin mutum. Ta ce to an bar mini wannan a baya. Raina ya ɓaci, na faɗi abin da bai kamata in faɗa wa tsohuwa ba, sai da Inna Ajuma ta raba mu.

Kafin kwana biyu magana ta cika gari. Na rasa yadda zan yi, na je wurin liman. Ya ce lallai malamai sun yi magana a kan ruwan da rana ta dafa a cikin ƙarfe, amma ba zai ce komai ba sai ya gani. Ki zo ki ga dattijon nan ya tattare riga ya hau tsani, ni ina riƙe da tsanin daga ƙasa. Ya daɗe yana ƙwanƙwasa tankin. Da ya sauko ya ce ruwan a rufe yake, rana ba ta ganinsa, saboda haka bai ga laifi ba. Ya faɗa a masallaci. Wasu sun yarda. Wasu kuma suna zuwa da tafasasshen ruwa daga gida a cikin buta, su zuba kaɗan a nawa, wai don ya ga wuta. Na daina yi musu gardama.

Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Matan nan suna komawa gida su yi kwana arba'in suna ƙona itace don wanka safe da yamma, ni kuma ina nan ina faɗa a kan bokiti biyu. Na tambayi Mushe Rashid wannan a waya, ya ce kowa ya fara da tsakar gidansa. Haka ne. Kuma gaskiya tarin Inna Ajuma ya yi sauƙi, farar rigata ma ta daina warin hayaƙi.

An kuma ce mu haɗa fita ƙauyuka wuri ɗaya don rage ƙona mai: rigakafi da awo da duba yara duk rana guda, sau ɗaya a wata maimakon kowane mako. Wannan watan ranar ta faɗo ƙorama ta kawo, babur ba ya ƙetarewa, sai na yi ƙauyukan wannan gefen. Sahura ba ta zo awonta na ƙarshen Yuni ba. Ina jin aikin gona ne ya riƙe su.

Ki aiko mini da kuka da daddawa idan direban zai dawo. Ina gaida kowa da kowa.

Taki,
Habsatu


Tudun Illo, 24 ga Yuli

Yayata,

Barka da war haka, ya gida, ya ƙafa? Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Daddawar nan har liman sai da ya samu rabonsa.

Yau ba ni da labarin dariya. Akwai abin da ban gane ba, kuma yana hana ni sukuni. Mutanen cikin gari suna zuwa kamar da. Amma daga hayin ƙorama, tun da na dawo ban ga mutum ko ɗaya ba. Tungar Mamman, da sauran tungayen, da rugar da ke bayansu, shiru. A daminar bara, iyanzu barandarmu ta cika da yaransu masu zazzaɓi, har sai na shimfiɗa tabarmi a ƙasa. Bana zazzaɓin ne ya tsallake su?

Na tambayi Inna Ajuma, ta ce wataƙila maganar ruwan rana ce ta isa can. Na tambayi maigari, ya ce noma ne, kowa na gona. Mai shago ya ce ai su kasuwar Ɗan Kassari suke ci ta can gefen, ba su da dalilin biyowa ta nan sai ciwo. Kowa da tasa, kuma kowace idan na saurare ta sai in ga kamar ita ce. Har na fara tunanin ko faɗan da na yi da tsohuwar nan ne ya ɓata mini suna. Idan haka ne, ai Sahura ta san ni, ta san bakina ne kawai.

Shekaranjiya na kasa haƙuri na tura babur har bakin ƙorama. Ruwa ya kai gwiwa, ƙarƙashinsa yashi. Amalanke yana wucewa, babur kuwa a nan zai mutu. Na tsaya ina hangen hanyar, ban ga kowa ba, na juyo. Na nemi aron amalanke, an ce jakuna duk suna gona, in bari a gama maimai. Na ce to. Lissafina ya nuna Sahura tana da sauran mako biyu, zan je kafin nan in ɗauko ta da kaina ta zauna wurina.

Mushe Rashid ya zo ranar Litinin da baƙi biyu. Sun ɗauki hoton tankin da wurin da murhu yake a da. Ya ce asibitinmu ya fi duk sauran, yana so in je Dosso in yi wa 'yan'uwa bayani. Na yi murmushi na ce Allah ya kai mu. Ina tsaye ana yabona, gadajen haihuwa biyu a bayana babu kowa a kai, na rasa ko murna zan yi.

Ki sa ni a addu'a. A gaida Malam da yara.

Habsatu


Tudun Illo, 9 ga Agusta

Yaya Lubabatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun. Ki karanta ke kaɗai.

Tun ranar Lahadi hadari ya rufe mu, kwana uku ba mu ga rana ba. Tankin ya huce. Ranar Laraba da sassafe wata mata ta cikin gari ta haihu, aka buɗe famfo ruwa ya fito da sanyi. Inna Ajuma ba ta tambaye ni ba. Ta je gindin katanga ta ɗauko duwatsunta uku, ta samo kara da ɗanyen itace ta hura. Itacen a jiƙe yake, hayaƙi ya turnuƙe ya miƙe sama. Na fito na gani, na koma ciki.

Wajen hantsi na ji kukan jaki. Na leƙa, na ga amalanke ya shigo, ƙafafunsa duk laka. Kafin in sa takalmi ga na biyu. Kafin azahar sun zama bakwai, duk daga hayi: yara masu zazzaɓi, wani tsoho da ƙafa ta kumbura, mata masu ciki huɗu. Kowa ya sauko sai ya ce mini sannu da dawowa, ya hanya, ya mutanen Dogon Dutsi, kin daɗe. Ina amsawa ina kallon Inna Ajuma, ita ma tana kallona. Dawowa daga ina? Ni da nake nan kusan wata biyu, ko kwana ɗaya ban yi a waje ba.

Wata tsohuwa daga rugar ce ta warware mini, ina auna jikanta, ita kuma tana hira abinta. Ashe Yaya, mutanen hayi ba sa ɗaura wa jaki amalanke sai sun ga hayaƙin asibiti. Asibitin bisa tudu yake, daga can ana hango shi. Tun zamanin majon da aka yi kafin ni, mai yawan tafiya, sun sha kawo mara lafiya su tarar da ƙofa a kulle, har wata ta taɓa haihuwa bisa amalanke a hanyar komawa. Sai suka lura cewa duk ranar da majo yake nan, Inna Ajuma tana hura wuta don dafa kayan aiki. Ranar da ba ya nan, kayan suna kulle, ba a hurawa. Shi ke nan suka riƙe. Ba wanda ya taɓa faɗa, don ba su ɗauke shi abin faɗa ba. Mutanen gari ba su sani ba, su ƙofa suke dubawa. Inna Ajuma da ke hura wutar shekara goma sha biyar ita ma ba ta sani ba. Da ta ji, zama ta yi a ƙasa.

Ranar da na tafi Dogon Dutsi hayaƙi ya ɗauke, kuma sun san na tafi, ni na gaya wa Sahura da bakina. Daga nan bai sake tashi ba.

Na bar yaron a kan sikeli na fita ina duba amalanken ɗaya bayan ɗaya. Ma'azu mijin Sahura yana na ƙarshe, shi da mahaifiyarsa. Tsohuwar tana rungume da jaririya a cikin zane. Na duba bayansu, na duba ƙarƙashin tabarmar da suka yi rumfa da ita. Ban tambaya ba, Yaya, na riga na gani a fuskarsa.

Kwana shida ke nan da rasuwar Sahura. Naƙuda ta zo mata da wuri, ta yini biyu tana yi. Ta ce a kai ta wurina, ta faɗa ta sake faɗa. Ma'azu ya ɗaura amalanke ya bar shi a ƙofar gida, ya hau dutsen bayan tungarsu ya duba, da safe ya duba, da rana ya sake hawa. Sun ji tsoron a jijjiga ta cikin ruwa da yashi a zo a tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta haihu lafiya ranar Alhamis da la'asar. Jinin ne bai tsaya ba.

Ranar Alhamis ɗin nan da la'asar ina zaune a baranda ina yanke farce. Na tuna sarai, don ba mu samu kowa ba tun azahar.

Na karɓi yarinyar na duba ta. Tana da ƙarfi, wata ƙanwar Sahura mai goyo ce ke ba ta nono. Na wanke mata cibiya, na yi mata rigakafi, na cika kati, duk ban san yadda na yi ba. Da na miƙa ta, hawaye suka ƙwace mini. Sai Ma'azu, mutumin da ya binne matarsa kwana shida da suka wuce, ya shiga ba ni haƙuri. Ga abin da ya ce, ba zan manta ba:

"Bari kuka, likita. Kwananta na ya ƙare. Har ta cika tana cewa da kina nan da kin tsai da shi. Ba laihinki ba na, tunda ba ki nan."

Inna Ajuma tana tsaye kusa da mu. Ta sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne Allah ya jiƙanta. Ya ce amin, ya gode, ya taimaki mahaifiyarsa ta hau, suka tafi.

Tun ranar kowace safiya ana hura wuta a tsakar gidan nan, ko da rana ko babu, ko da abin ɗorawa ko babu. Na hau tudu na kira Mushe Rashid na gaya masa komai. Ya ce za a nemi wata alama, tuta ko wani abu, a zagaya tungaye a sanar. Na ce a nema, amma ba zan kashe wutar ba sai na ji daga bakin kowace tunga cewa sun gane. Dosso kuwa na ce a tura wani. Ban ce tankin ne ya yi laifi ba, ban ce shi ne ya yi ba. Na juya abin ta kowane gefe, na rasa inda zan ajiye shi. Na san dai akwai ranar da na tsaya a bakin ƙorama, ruwa iya gwiwa, ina da ƙafa biyu, na juyo.

Ma'azu zai dawo da yarinyar nan da mako biyar don allura ta gaba. Kafin nan zai haɗu da wani ɗan gari, a gona ko a wurin jana'iza, a yi hira, ya ji cewa likita ba ta je ko'ina ba. Ina so ya ji daga bakina, kuma ina tsoron in ƙwace masa ɗan abin da yake riƙe da shi yana samun barci. Jibi an ce za a ba ni aron amalanke. Zan je gaisuwa. Ban san abin da zan faɗa ba idan mahaifiyarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta sake ce mini sannu da dawowa.

Ki yi wa Sahura addu'a. Ki gaida Malam Usman da yara.

Ƙanwarki,
Habsatu